Ɗanɗanon Ruwan Teku Bayan An Cire Masa Gishiri

Ruwan tekun da aka cire wa gishiri shi ne akasarin abin da ke fitowa daga famfo a Jidda da Makka da Kuwait da Doha da Dubai, da sauran garuruwan da ba su da kogi, sai teku a kusa da su. Larabawa suna kiran wannan aiki tahliya, wato mai da ruwa mai daɗi. Wani bincike da masana na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2019 ya ƙidaya masana'antu kusan 16,000 a ƙasashe 177 da ke cire gishiri daga ruwan teku ko ruwan zartsi, suna samar da kimanin lita biliyan 95 a kowace rana, kusan rabinsa a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka.

Wanda bai taɓa shan wannan ruwa ba yakan zaci zai ji saura-sauran gishiri a bakinsa. Amma koken da aka fi yi a kansa shi ne cewa lami ne, ba shi da gardi. Wasu kuma sukan ji warin magani ko ɗanɗanon ƙarfe a cikinsa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalili, kuma dalilan uku ne: abin da aka cire daga ruwan, da abin da aka mayar masa, da hanyar da ya bi kafin ya iso kofi.

Abin da ke cikin ruwan teku

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri iri-iri a narke, wato kusan ƙaramin cokali shida. Bahar Maliya da Tekun Fasha sun fi haka, suna kaiwa giram 40 ko fiye, saboda zafin rana yana ƙafar da ruwansu kuma koguna kaɗan ne suke kwarara cikinsu. Mafi yawan wannan gishiri irin na miya ne, wanda ya ƙunshi sinadaran sodiyam da kuloraid. Sauran kuwa akwai magniziyam da salfet, waɗanda suke sa ruwan teku ɗaci bayan gishirinsa, sai kalsiyam da fotashiyam da wasu ƙananan sinadarai irin su boron da buromaid.

Jinin mutum yana da gishiri kimanin giram 9 a lita, wato ruwan teku ya ninka shi kusan sau huɗu. Ƙoda ba ta iya fitar da fitsarin da ya kai ruwan teku gishiri, don haka wanda ya sha shi sai jikinsa ya ba da ruwan da ya fi wanda ya sha kafin ya rabu da gishirin. Wannan ne ya sa ruwan teku yake ƙara ƙishi, kuma ya sa dole a cire kusan kashi 99 cikin 100 na gishirinsa ko fiye kafin ya shawu.

Abin da ke ba ruwa ɗanɗano

Ana yawan cewa ruwa ba shi da ɗanɗano, amma duk wanda ya taɓa shan ruwan rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya ya san akwai na gardi, akwai na zartsi. Bambancin yana zuwa ne daga ma'adinan da ruwa ya narkar a hanyarsa ta cikin ƙasa da duwatsu. Kalsiyam da baikabonet, idan ba su yi yawa ba, su ne suke ba ruwa ɗan kauri da laushi a baki. Sodiyam da kuloraid suna kawo gishiri-gishiri. Magniziyam da salfet, idan suka yi yawa, suna kawo ɗaci da bauri. Iskar da ta narke a cikin ruwa ita ma tana da nata rabo, shi ya sa ruwan da aka tafasa ya huce yakan zama salam, har sai an juya shi daga kwano zuwa kwano ya sha iska.

Harshe kuma ba ya auna ruwa a kan kansa, yana gwada shi ne da miyau. Miyau yana da ɗan gishiri, kuma harshe ya saba da shi har ba ya jin sa. Idan ruwan da ba shi da ma'adini ko kaɗan ya shiga baki, sai ya wanke miyau, harshe ya ji an rage masa abin da ya saba da shi. Wannan ragi shi ne abin da mutane suke kira lami, wasu ma sukan ji shi da ɗan ɗaci.

Masana ruwa suna auna jimillar ma'adinan da ke narke da miligiram a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo sakamakon gwajin masu ɗanɗana ruwa kamar haka: ƙasa da 300, ruwa ne mai daɗi ƙwarai, daga 300 zuwa 600, mai kyau, daga 600 zuwa 900, ba laifi, daga 900 zuwa 1,200, mara daɗi, abin da ya wuce 1,200 kuwa ba ya karɓuwa. Hukumar ta kuma ja hankali cewa ruwan da ma'adinansa suka yi ƙasa ainun shi ma ana iya ƙin sa saboda lami. Ke nan gardin ruwa yana tsakanin iyakoki biyu. Ruwan teku, mai miligiram 35,000, ya wuce ta sama nesa ba kusa ba, kuma injin da ke cire masa gishiri yakan jefa shi ƙasa da ta ƙasa.

Hanyar tururi

Hanya mafi daɗewa ita ce wadda kowace mai girki ta sani. Idan aka ɗaga murfin tukunyar miya, ɗigon ruwan da ya taru a jikinsa ba shi da gishiri, domin tururi yana tashi ya bar gishiri a tukunya. Tun zamanin Girkawan dauri, Aristotle ya lura da cewa tururin ruwan teku idan ya koma ruwa yana shawuwa. A zamanin jiragen ruwa masu aiki da kwal, an riƙa amfani da wannan dabara don samar wa matuƙa da injin jirgi ruwa.

A 1907, lokacin mulkin Daular Usmaniyya, aka kafa irin wannan inji a Jidda. Mutanen garin suka kira shi kindasa, sunan da suka lanƙwasa daga sunansa na Turanci. A ƙarshen shekarun 1920 Sarki Abdul'aziz ya sa aka kawo wasu injuna biyu don mazauna garin da mahajjatan da ke sauka ta tashar jiragen ruwa. A Kuwait kuwa, kafin a fara tace ruwan teku a farkon shekarun 1950, jiragen katako ne suke ɗebo ruwan sha daga kogin Shaɗɗul Arab da ke Iraƙi.

A 1957 wani injiniya ɗan Sikotilan mai suna Robert Silver ya yi rajistar dabarar da ta sa aikin ya yi girma. Ana ɗumama ruwan teku zuwa awo 90 ko 110 a ma'aunin Salshiyos, sannan a bi da shi ta ɗakuna masu yawa a jere, kowanne matsin iskarsa bai kai na wanda ya gabace shi ba. Da ruwan ya shiga ɗaki sai wani sashe nasa ya tashi tururi nan take, tururin ya taɓa bututai masu sanyi ya koma ruwa. Da wannan dabara aka gina manyan masana'antun Saudiyya bayan kafa hukumar tahliya ta ƙasar a 1974.

Ruwan da ke fitowa ta wannan hanya kusan babu komai a cikinsa. Ma'adinansa sukan tsaya a miligiram 'yan kaɗan a lita, kuma an kore iskar da ke narke a ciki. Yana fitowa da ɗumi, ba gishiri, ba gardi. Danginsa ɗaya da ruwan batir da ake sayarwa a tashar mota.

Hanyar tantani

Hanya ta biyu ba ta buƙatar wuta a ƙarƙashin tukunya, sai ƙarfin matsi. A kusan 1960, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka ƙera wani tantani mai barin ruwa ya wuce da sauri amma ya tare gishiri. Masu sana'ar ruwa suna taƙaita sunan wannan hanya da haruffa biyu, RO, kuma yawancin sababbin masana'antu ita suke bi saboda ta fi sauƙin makamashi.

Ana fara tace ruwan teku ta yashi da wasu matatai don raba shi da laka da gansakuka. Daga nan manyan injuna su tura shi jikin tantanin da aka nannaɗe cikin dogayen bututai, da matsin da ya ninka iskar tayar mota sau 25 ko fiye. Kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na ruwan yana ratsawa ya fito a tace, sauran kuma ya koma teku da ninkin gishiri. Samar da lita 1,000, wato jarka 40 masu lita 25, yana cin wutar lantarki kimanin yunit 3 zuwa 4.

Tantani ba ya tare gishiri ɗari bisa ɗari. Ya fi iya tare kalsiyam da magniziyam a kan sodiyam da kuloraid, don haka ɗan abin da ya saura a ruwan, miligiram 100 zuwa 400 a lita, yawancinsa gishirin miya ne. Harshe ba ya fara jin kuloraid sai ya kai miligiram 200 zuwa 300 a lita, sodiyam kuma kimanin 200. Idan masana'anta tana aiki daidai, galibi abin da ya saura bai kai haka ba, kuma masana'antu da yawa suna sake bi da ruwan ta tantani karo na biyu don rage gishiri da boron. Idan aka ji gishiri a fili a ruwan tahliya, to alama ce ta matsala: ko tantanin ya tsufa, ko wani mahaɗi yana yoyo, ko an gauraya ruwan da na zartsi fiye da kima.

Mayar wa ruwa ma'adinai

Ruwan da ya fito daga tururi ko daga tantani ba a aika shi gari haka. Dalili na farko ba ɗanɗano ba ne, kare bututu ne. Ruwan da ba shi da ma'adini yana da yunwa: duk abin da ya taɓa sai ya nemi narkar da shi, ƙarfe ne ko tagulla ko simintin da aka shafe cikin bututu da shi. Idan aka sake shi haka cikin tsofaffin bututai, sai ya ɓamɓaro tsatsa, famfo ya riƙa kawo jan ruwa mai ɗanɗanon ƙarfe.

Hanyar da aka fi bi ita ce a zuba wa ruwan iskar kabon don ya ɗan yi tsami, sannan a bi da shi ta cikin manyan tankuna cike da tsakuwar farar ƙasa, irin dutsen da ake yin siminti da shi. Ruwan ya narkar da dutsen sannu a hankali, ya kwashi kalsiyam da baikabonet, tsaminsa ya kwanta. Abin da ruwan sama yake yi cikin shekaru idan ya ratsa duwatsu kafin ya isa rijiya, shi ake yi a nan cikin mintoci. Wata hanya kuma ita ce a gauraya shi da ɗan ruwan ƙarƙashin ƙasa mai yawan ma'adinai, kamar yadda ake yi a Kuwait da Riyad.

A wannan mataki ne ake gina ɗanɗanon ruwan. Farar ƙasa tana ba shi laushi da ɗan kauri. Ruwan zartsi yana ba shi ma'adinai iri-iri, amma yana iya kawo gishiri ko bauri idan an cika hannu. Saboda haka garuruwa biyu da ke shan ruwan teku ɗaya suna iya samun ɗanɗano daban, gwargwadon abin da injiniyoyinsu suka zaɓa.

Daga masana'anta zuwa kofi

Kafin ruwan ya bar masana'anta ana sa masa kulorin don kada ƙwayoyin cuta su hayayyafa a hanya. Wasu mutane suna jin kulorin tun yana kimanin miligiram 0.3 a lita, kuma a ruwa mara ma'adinai babu wani ɗanɗano da zai rufe shi. Bugu da ƙari, ruwan teku yana da buromaid, kuma ɗan abin da ya tsallake tacewa idan ya haɗu da kulorin da wasu sinadarai yana iya haifar da wari irin na ɗakin magani.

Tafiyar ma tana da nisa. Ruwan Makka da Ɗa'if da wani sashe na Jidda yana tasowa daga masana'antun Shu'aiba da ke kudu da Jidda. Na Madina yana zuwa daga Yanbu. Na Riyad kuwa ana turo shi daga gaɓar Tekun Fasha, daga Jubail da Ras al-Khair, cikin bututai masu tsawon fiye da kilomita 400. Idan ya isa gida yakan sauka a tankin ƙasa, a tura shi tankin saman rufi. Inda famfo ya yanke kuma, motar ruwa ce take kawo shi, wadda mutanen Saudiyya suke kira wayit.

Tankin roba da ya yini a rana yana ba ruwa warin roba, tankin da ba a wanke ba yana ba shi warin ƙasa. Zafi kuma yana fito da duk wani wari, shi ya sa ruwan da bai shawu da azahar ba yakan shawu idan ya kwana a firji ko a randa: ya yi sanyi, ya sha iska, kulorinsa ya tashi. Teku ma kan kawo nasa cikas. Tsakanin 2008 da 2009 wata irin gansakuka mai rina ruwa ja ta mamaye gaɓar Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta toshe matatai, har wasu masana'antu suka dakatar da aiki na wani lokaci.

Abin da mahajjaci yake ji

Alhazai da masu Umara daga ƙasar Hausa suna cikin waɗanda suka san wannan ruwa, ko da ba su san sunansa ba. Da shi ake alwala da wanka da wanki a masaukai. Wanda ya saba da ruwan burtsatse mai kauri yakan lura cewa sabulu ɗan kaɗan ya cika bokiti da kumfa, kuma bayan ɗauraya jiki yana nan da santsi kamar sabulun bai fita ba. Rashin yawan kalsiyam da magniziyam ne ya kawo haka. Shayi ma yakan fito garau ba tare da yana a samansa ba, kuma butar lantarki ba ta saurin tara farin ɓawo a gindi.

Ruwan Zamzam dabam ne. Ruwan rijiya ne mai zurfin kimanin mita 30, a gabas da Ka'aba, yana fitowa daga ƙasan kwarin Makka da duwatsunsa. Ma'adinansa sun fi na ruwan famfon garin, shi ya sa mai shansa yake jin kauri da wani ɗanɗano na musamman. Ruwan gora da ake sayarwa a shaguna kuwa, yawanci ana rubuta jimillar ma'adinansa a jiki, kuma galibi ba ta kai miligiram 200 a lita ba. Da yawa daga cikinsa shi ma an bi da shi ta tantani an mayar masa da ma'adinai, kamar yadda wasu masu yin ruwan leda da na gora suke yi wa ruwan burtsatse a Najeriya da Nijar.

Sabo yana da babban tasiri a nan. Ruwan da mutum ya tashi da shi shi ne ma'auninsa na gardi. Wanda ya girma da ruwan rijiya mai ma'adinai yakan ce ruwan tahliya ba ya kashe ƙishi, wanda ya girma da na tahliya kuma yakan ce ruwan rijiya yana da nauyi. Ta fuskar jiki dai, duka biyun suna maye gurbin ruwan da aka rasa daidai wa daida.

Ɗanɗano da lafiya

Ɗanɗano ba ya nuna lafiyar ruwa. Ƙwayoyin cuta da dalma da boron duk ba a jin su a harshe, kuma ruwa lami yana iya zama mai tsabta ƙwarai. Tururi da tantani suna raba ruwa da ƙwayoyin cuta sosai, don haka gurɓata, idan ta faru, ta fi faruwa a bututu da tanki. Ruwan teku yana da boron kimanin miligiram 4 zuwa 5 a lita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a 2.4, abin da masana'antun zamani suke cimmawa.

Abin da masana suka fi tattaunawa shi ne ma'adinan da aka cire ba a mayar ba. Farar ƙasa tana mayar da kalsiyam, amma ba ta mayar da magniziyam sai ɗan kaɗan, kuma ba ta mayar da fuloraid mai kare haƙori. A Isra'ila, inda manyan masana'antu irin na Ashkelon, da aka buɗe a 2005, da na Sorek, da aka buɗe a 2013, suke ba da babban kaso na ruwan gidaje, likitoci sun yi ta kira da a ƙara magniziyam saboda alaƙarsa da lafiyar zuciya. Mafi yawan kalsiyam da magniziyam da jiki yake samu dai daga abinci ne, kamar madara da wake da gyaɗa da gero da ganyaye, amma ga wanda abincinsa bai wadatar ba, ɗan abin da ke cikin ruwa yana da muhimmanci.

A nahiyar Afirka

Tace ruwan teku yana ƙaruwa a Afirka. Tsibiran Kef Bade sun daɗe suna dogaro da shi. Aljeriya tana da manyan masana'antu a gaɓarta, ciki har da ta Hamma a birnin Aljiyas wadda ta fara aiki a 2008. Maroko ta buɗe wata babba kusa da Agadir a 2022 don sha da ban ruwa. A Gana, an buɗe masana'antar Teshie-Nungua a gabashin Akara a 2015, mai iya ba da lita miliyan 60 a rana, kuma mazauna yankin sun yi ta koke cewa suna jin gishiri a ruwan.

Irin wannan koke yana da nauyi a wurin masu kula da ruwa, domin mutanen da suka ƙi ɗanɗanon ruwan famfo sukan koma sayen ruwa mai tsada, ko su koma rijiya da rafin da ba su da tsabta. Shi ya sa masana'antar da ta san aikinta take lura da ɗanɗano kamar yadda take lura da gishiri da ƙwayoyin cuta. Ruwan tahliya da aka tace da tantani mai lafiya, aka mayar masa da ma'adinai gwargwado, aka sa masa kulorin daidai kima, ya bi bututu da tanki masu tsabta, aka kuma sha shi da sanyi, yana faɗawa cikin rukunin ruwa mai daɗi a ma'aunin masu ɗanɗano, kuma babu abin da ke cikinsa da zai nuna wa harshe cewa daga teku ya fito.